Yadda Na Yanke Igiyoyin Sagalau

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa ba da mataimaki ba, ya ɗaga sama ba da ginshiƙi ba, ya raba wa bayinsa hanyoyi, wata gajera, wata mai cinye ƙuruciya. Bayan haka, ni ne Tunau ɗan Barmo, mutumin Gugawa. Kun daɗe kuna tambayata labarin garin da na zauna a yamma, ina kawar da zancen. Yau zan faɗa. Ku matso kusa, muryata ba ta kai nesa yanzu.

Garinmu gari ne na rijiyoyi masu zurfi, sai an saki igiya gaba ɗari kafin guga ya taɓa ruwa. Ubana mahaƙin rijiya ne. Ina da shekara ashirin da biyu igiya ta tsinke da shi, bakinta yana hannuna. Abin da na fi tunawa shi ne yadda hannun ya yi sakayau farat ɗaya. Bayan sadakar arba'in na ji wani falke yana ba da labarin wani gari da aka gina a kan igiya, shekara ɗari uku tana ɗauke da kasuwa ba ta ruɓe ba. Na soke wuƙar ubana a ƙugu, na bi ayari.

Wata huɗu muka yi a hanya. Inda muka fi shan wuya shi ne Filin Madubi, wurin da ƙasa take sumul tana ƙyalli, sama a bisa, sama a ƙarƙashi, mutum ya ga kansa a kife yana tafiya. Wanda ya yawaita duban ƙasa sai gabas ta ɓace masa, ya yi ta zagaye har ƙishi ya gama da shi. Madugunmu yana da makafin jakuna bakwai masu bin ƙanshin ruwa. Muka ɗaure idanunmu da rawuna, kowa ya kama rigar na gabansa, na farko ya kama wutsiyar jaki. Haka muka yi kwana shida.

Da muka ƙetare ƙasar Dalmaƙi, wani hantsi sai ƙasa ta ƙare a gabanmu. Kwazazzabon Ashkur ke nan, mai zurfin da kogin da ke gindinsa yake kamar zaren lilo. A kan wannan rami, daga wannan baki zuwa wancan, ga birnin Sagalau a rataye. Manyan igiyoyi huɗu ne ke ɗauke da shi, kowace ta kai kaurin kuka. A kansu aka shimfiɗa katako, aka kafa rumfuna da gidajen zana hawa biyu har hawa uku, tufafi na shanya suna kaɗawa, garin gaba ɗaya yana lilo a hankali kamar ana rarrashin jariri.

Mai tsaron ƙofar gabas ya tare ni. Ya ce, "Baƙo, me ka kawo, me za ka ɗauka?"

Na ce, "Ban kawo komai ba sai hannu biyu. Na zo koyon igiya."

Ya yi dariya ya ce, "Kowa yana zuwa neman zuma da tagulla, kai ka zo neman gindin garin. To, ajiye ƙarfenka. Ƙarfe mai kaifi ba ya hawa nan." Ya karɓi wuƙar ya rataye ta a wani ɗakin dutse tare da takubban fatake, ya nuna mini wani tsani da ya bi ta ƙarƙashin gari. "Sauka wajen 'Yan Lilo. Su ne ba sa ƙin hannu."

Mutanen Sagalau kashi huɗu ne. 'Yan Rumfa su ne dillalai, suna tsakanin mutanen Dalmaƙi na gabas masu gishiri da auduga, da mutanen Horgo na yamma masu zuma da tagulla. Ƙasashen nan biyu sun gaji gaba tun kakanni, ba inda suke haɗuwa ba jini sai a nan. Masu Tukunya su kaɗai ke taɓa wuta, a kan dutse, a bakunan gari biyu. Ba gidan da ake girki. Da azahar sai ka ga 'yanmata sun jero da akusa a ka, ƙanshin miyar kifi ya bi gari tun daga baki har tsakiya, kuma abin da attajiri ya ci shi mai shara zai ci. Har yau in na ji ƙanshin kifi da daddawa sai in ji ƙasa tana lilo da ni. Masu Tufka suna zaune a tsakiyar gari, su ne limamansu, shugabarsu ita ce Uwar Tufka. Sai 'Yan Lilo, waɗanda ke kwana cikin kwanduna a ƙarƙashin katako, suna shafa wa igiyoyi mai, suna sauya abin da ya lalace. Ba su da dukiya, amma in ɗan Lilo ya hau kasuwa, kowane dillali sai ya tashi tsaye.

Abin bautarsu ba su kiransa da suna, sai dai Mai Riƙo. Sun ce duniya duka a rataye take, shi yana riƙe da baki ɗaya, mutane suna riƙe da ɗaya. Da safe kowa zai ɗora tafinsa kan igiyar ƙofar gidansa ya yi shiru, yana jin motsin maƙwabta. Ibadarsu ke nan. Gaisuwarsu kuwa, "Ina riƙo?" a amsa, "Ba a saki ba." In mutum ya mutu sai a sauke gawarsa ga kogi, a ɗauki gashinsa da zaren rigarsa a tufke cikin manyan igiyoyin nan huɗu. Shi ya sa suke kiransu Iyaye. Sun kuma yi imani cewa kowace ƙarya da aka yi a kan gari tana tsinka sili ɗaya, don haka ba mai yi. In dillalin Sagalau ya ce zuma ba gauraye, ba wanda zai ɗanɗana. Mai son yin kuri ko zuga budurwa sai ya ce, "Zo mu taka ƙasa," su fita bakin gari. Na ga magidanci da aka tambaye shi ko sabon kitson matarsa ya yi kyau, ya miƙe ya nufi ƙofar gabas, unguwa duka tana dariya.

Wadda aka haɗa ni aiki da ita sunanta Lanti, mace siririya mai tabo a haɓa, ta girme ni da shekara biyu. Ranar farko da na leƙa ƙasa daga kwando na rufe ido na ƙanƙame igiya. Ta ce, "Kai ɗan rijiya, ai ramin ɗaya ne, namu dai ya fi haske." Ni na riƙe sallata, ba wanda ya hana ni. Wata rana ta tsaya tana kallona har na sallame, ta ce, "Wa kake sa wa goshi a ƙasa?" Na ce, "Wanda ya yi komai." Ta ɗan yi tunani, ta ce, "To, in shi ya yi, ai shi ke riƙe." Ba mu sake wannan zance ba.

Kabar da ake tufka da ita a jikin bangon kwazazzabo take fitowa, inda manyan gaggafa ke sheƙa, tsuntsayen da ke ɗaukar maraƙi kamar ɗan tsako. A shekarata ta biyu muka sauka yankan kaba da wuƙaƙen ƙashi. Ina cikin aiki inuwa ta rufe ni. Kafin in ɗaga kai gaggafa ta fizge kwandon da nake ciki, ta tsinka igiyarsa, ta yi sama da ni. Ta jefa ni cikin sheƙarta a wani lungun dutse, inda ba hanya sama ba hanya ƙasa, ta koma farauta.

Sheƙar ta kai faɗin ɗaki. Ƙwai biyu ne a ciki, ɗaya ya riga ya fashe, ɗan ya mutu. Na shige cikin ɓawon, in uwar ta dawo in yi lamo, in ta tashi in fito. Da na taɓa sheƙar sai na ga ashe da kabar nan aka saƙa ta, ta sha rana da ruwa har ta yi laushi. Na shiga zare ta sili-sili ta gefen da ke jikin dutse, ina murzawa a cinya yadda ubana ya koya mini. Yini biyu ina wannan aiki, raɓar da ke taruwa a dutse ita ce ruwana. A na uku da safe na ji ƙwan da ya rage yana ƙwanƙwasawa daga ciki. Ban jira in ga fuskar mai ƙwanƙwasar ba. Na ɗaure igiyata a wani ƙahon dutse na sulale. Ta ƙare saura gaba goma kafin wani tudu, na tsaya ina reto, hannuwana suna zubar da jini.

Sai na ji murya daga gefe. "Ina riƙo?"

Lanti ce. Kwana uku tana bin bangon a kwando tana duba sheƙa ɗaya bayan ɗaya, bayan kowa ya ce a haƙura.

Na ce, "Saura kaɗan a saki."

Ta tokari dutse da ƙafa, ta yi lilo ta zo ta cafke ni ta ƙugu.

Guntun igiyar nan da na murza aka kai wa Uwar Tufka, Inna Hakama, tsohuwa mai kusan shekara tamanin, wadda tun tana 'yar ashirin ba ta taka ƙasa ba, don shugabar Masu Tufka ba ta sauka daga kan Iyaye. Ta juya igiyar a hannu, ta ja ta da haƙori, ta ce, "Murzar gaggawa ce, amma mai ita ya san abin da ake ji in igiya ta tsinke. Ɗana, wa ka rasa?" Na gaya mata. Daga ranar ta zaunar da ni kusa da ita. Ta koya mini jiƙa kaba cikin ruwan toka kwana tara, da shafa mata man kifin Ashkur, da tufka sili uku hagu a kan sili uku dama don kowane ya hana ɗan'uwansa warwarewa. Ba ta ɓoye mini komai ba.

Al'adarsu ce baƙon da ya cika shekara uku, ranar Bikin Tufka a yanki gashinsa a sa cikin Iyaye, ya zama ɗan gari. Ni da Lanti mun riga mun gama magana. Ta ce ranar da aka yanki gashina, washegari in kai gaisuwa wajen kawunta. Har kwandon da za mu zauna mun fara saƙawa, mai faɗi, da 'yar taga ta wajen gabas.

Saura kwana tara biki, rundunar Horgo ta sauka a ƙofar yamma. Dawaki dubu huɗu, shugabansu Barde Zarto. Ya aiko cewa sabon sarkinsu ya yi niyyar cin Dalmaƙi, kuma ta kan Sagalau zai bi. Ba zai taɓa kowa a garin ba, hanya kawai yake so.

Aka taru a tsakiyar gari da hantsi. Wani babban dillali ya ce, "Mu ba su hanya. Mu 'yan kasuwa ne, ba mu da mashi ko ɗaya." Wata daga Masu Tukunya ta ce, "Matan Dalmaƙi da ke kawo mana gishiri fa? Na san sunayen 'ya'yansu." Aka yi ta ja har rana ta take. Inna Hakama ta bari sai da kowa ya gaji. Sa'an nan ta ce, "Iyaye sun ɗauki gishiri, sun ɗauki amare, sun ɗauki gawa. Ba su taɓa ɗaukar takobi ba. Ranar da suka ɗauka, ko igiya ba ta tsinke ba, an saki." Kowa ya gane yanke Iyaye take nufi, kowa kuma ya san ba ɗan Sagalau da zai iya sa ƙarfe a kan gashin uwarsa.

Da aka watse Inna Hakama ta kira ni ɗakinta. Ta ce, "Ɗana, gashinka bai shiga ba tukuna. Kai kaɗai ne a garin nan da ka san ƙullin da ke riƙe da Iyaye, kuma ba naka a ciki."

Na ce, "Inna, saura kwana tara."

Ta ce, "Na sani. Zan kuma gaya maka sauran, don kada ka ce na rufe ka. Wanda ya sa ƙarfe a kan Iyaye, korarsa ake yi, ba ya dawowa har abada. Ni da bakina zan kore ka. In ka ƙi, ba zan ga laifinka ba."

Na tafi wajen Lanti, na same ta zaune cikin kwandon da ba mu gama ba. Na faɗa mata. Na ce, "In na yi, za ki bi ni?"

Ta daɗe tana murza wani sili a yatsa. Ta ce, "Muna kan gari, ba zan yi maka ƙarya ba. In aka yanke, wata rana sai an sake jefa zaren farko zuwa wancan baki. Mu uku ne muka iya sauka har kogi mu hau ta can, biyun sun tsufa." Ta ɗago ta dube ni. "In ka ƙi yi kuma, zan aure ka, amma ban san da wane ido zan riƙa kallon gabas ta tagar nan ba."

Washegari Inna Hakama ta sa aka ɗauke ta a kujera zuwa ƙofar yamma, ina cikin masu ɗaukar. Da muka kai inda katako ya ƙare ta ce a sauke ta. Mutane suka riƙe baki. Ta miƙa ƙafarta, wadda ta shekara sittin ba ta san ƙasa ba, ta taka turɓaya. Ta ce wa Barde Zarto, "Ranka ya daɗe, hanya taka ce. Sai dai igiyoyin ba za su ɗauki dawaki da mutanen gari a lokaci guda ba. Ka ba mu yini biyu mu kwashe jama'a zuwa gabas, mu ƙara ɗaure ƙulli. Rana ta uku ka haye lafiya."

Barde ya waiwayi mutanensa ya ce, "Mutanen nan ba sa ƙarya, duniya ta sani." Bai dubi inda ƙafarta take ba.

Yini biyu ana kwashe gari. Tsofaffi a goye, masaƙa a ka, awaki, tukwane, kwandunan 'Yan Lilo. Kowa in ya zo fita sai ya ɗora tafi a kan igiya ya daɗe. Rana ta uku da sassafe mai tsaron ƙofa ya miƙo mini wuƙar ubana, bai yarda mun haɗa ido ba.

Kowace daga cikin Iyaye an naɗe ta ne a jikin wani turken dutse, an kame naɗin da ƙaramin ƙulli mai kaurin damtse, wanda suke kira cibiya. In aka yanke cibiya, nauyin gari da kansa zai warware sauran. Na yanke ta farko. Igiyar ta yi wani gurnani da na ji har cikin haƙorana, ta zame. A bayana mutum dubu suka fashe da kuka. Na yanke ta biyu, garin ya karkace, rumfuna suka fara zubewa cikin rami. Can na hango mahayan Horgo kusan ashirin sun riga sun hau ta yamma a guje. Na tsaya da wuƙa a kan ta uku, na ƙwala ihu, "Ku koma! Ku koma!" Jama'a suka kama ihun tare da ni har kwazazzabo ya amsa. Dawakin suka ji katako yana gudu a ƙarƙashinsu, suka yi turjiya, suka juya. Sai da na ga na ƙarshe ya taka ƙasa na yanke ta uku. Ta huɗu ban gama ba ta fizge da kanta, ta yage mini fatar hannu.

Sagalau ya tafi a hankali, kamar zane da iska ta ɗauke daga kan shanya. Ya bugi bangon yamma, ya watse. Mun daɗe muna jin ƙarar katako tana sauka.

Inna Hakama tana zaune a kan dutse, ƙafafunta sun yi ƙura. Ta ɗaga murya yadda kowa zai ji, ta ce, "Wanda ya sa ƙarfe a kan Iyaye, ya juya baya, kada ya sake ganin Ashkur." Da na durƙusa yi mata sallama ta kama kaina da hannu biyu, ta ce a hankali, "Ni ma daga yau ba Uwar Tufka ba ce, na yi ƙarya. Tafi, ɗana. Ka yi wa mutanenka igiya."

Lanti ta raka ni har inda hanya ta rabu. Ta yage bakin zanenta ta ɗaure mini hannu, ta yi ƙullin da kyau, ta sake dubawa. Ta ce, "Kada ka jiƙa shi sai ya kwana uku." Abin da ta ce ke nan. Ta juya, tafiyarta a kan ƙasa tana tangaɗi kamar ta mai koyon tafiya.

Na dawo Gugawa. Igiyoyin da ke rijiyoyinku yanzu, ni na koya wa kakanninku tufka su. Na yi aure, na haifi iyayen wasunku, na gode wa Allah. Shekara arba'in da ɗaya ban ji labarin yamma ba.

Bara waccan wani falke ya sauka a zaurena da tulun zuma. Na tambaye shi inda ya saye ta, ya ce a Sagalau. Ban nuna masa komai ba, na ce ya ba ni labari. Ya ce garin ƙarami ne, igiya biyu kawai, shekara goma sha ɗaya aka yi kafin a sake haɗa bakin da baki. Shugabarsu wata tsohuwa ce mai tabo a haɓa, mai faɗa, ba ta taɓa aure ba.

Ya ce, "Amma Baba, akwai wata al'ada tasu da ta ɗaure mini kai. Na tarar da wata rana da suke kira Ranar Baƙo. Da safe gari duka ya fito ƙofar gabas, aka tsine wa wani mutum da ba a faɗin sunansa, aka watsa ƙasa a bayansa kamar yanzu ya tafi. Da azahar kuma Masu Tukunya suka zuba akushi guda, mafi kyau, da kan kifi a sama, aka ajiye a bakin hanya. Tsohuwar nan ta sa aka kawo ta ƙarshen katako, ta zauna tana kallon hanya har abincin ya huce. Na tambayi wani dillali, na ce mutumin nan maƙiyinku ne ko masoyinku? Ya ce mini, a kan gari muke, ba zan iya zaɓar ɗaya ba."

Falken ya dube ni yana jiran in yi dariya. Na ce masa zumar tana da kyau, a bar mini tulun duka.

Iyakar abin da na gani ke nan, iyakar abin da na aikata. Wanda ya fi ni sanin ko daidai ne, shi zan tarar ba da daɗewa ba. Ku tashi, an kira la'asar.